Giginyar yaran Mai Walda: kada na nesa kaɗai su sha inuwa

Mai Walda: Assalamu alaikum jama'ar Argungu na gida da na waje. Ku yi haƙuri yau zan ɗan tsawaita, abin ya daɗe shina cina a rai. Waɗanda sunka san rumfata sun san ina da yara 11 da nike koya ma aiki, huɗu guragu na awa ni, shan inna ta taɓa mu tun muna ƙanana, ukku kurame, sauran marayu da almajirai da sunka gaji da yawon bara. Watan jiya aiki ya yi ƙasa, ba wuta ba masu kawo gyara, sai ɗaya cikin kuramen ya tattara guntayen rodi da tsohuwar sarƙar babur da yankakken kwano shina ta ɗaurewa da waya, ni ban ko kula ba, da wuta ta zo yal liƙe su, nij juya nig ga giginya. Wlh giginya sak, har kumburin nan da take yi a tsakar jiki, har 'ya'yanta da yay yi da boris na tsohon injin ban ruwa. Tun rannan duk mai wucewa sai ya tsaya, kuma abin da yat taɓa ni shi na ba wanda ya miƙo sadaka, tambaya suke wa ya yi wanga.

To shi na nic ce mi zai hana mu yi babba. Giginya mai tsawon mutum ukku, ƙasanta giwan ruwa babba, kewaye da benci na zama, a wani fili bakin hanyar gulbin Matan Fada inda baƙi ka wucewa lokacin bikin kamun kihi, a rubuta sunan kowane yaro a jiki. Na yi lissafin rodi da siminti da fenti da wayar walda da man janareta ya kama wajen miliyan 1 da dubu 800. Ba ni da ko kashi ɗaya cikin goma. Ina muka nufa da neman kuɗɗin ga?

Admin: Wa alaikumus salam Yaya. Na ga hoton, Allah ya yi wa yaron nan albarka. Jama'a a tattauna cikin mutunci, ban da zagi ban da siyasar jam'iyya.

Baban Khalifa: Malam Mai Walda ina girmama ka kuma na san wahalar da kake sha da yaran nan, amma gsky zan faɗa maka abin da ke raina ko da ba zai yi daɗi ba. A wannan hali da ake ciki, mutane na auna garin kwaki da cokali, mu tara kusan miliyan 2 mu kafa ƙarfe a bakin hanya? Wannan kuɗin zai sayi keken ɗinki nawa, keken guragu nawa? Yaron da bai karya ba giginyar ƙarfe ba za ta ba shi muruci ba. Ni dai ban gamsu ba.

Maman Tagwaye: Baban Khalifa bari in amsa maka a matsayina na uwa, ɗaya daga cikin tagwayena kurma ce, shekararta 16. Sau biyu ana ba ta keken ɗinki a rabon tallafi, na farko ko kansa bai zo daidai da ƙafarsa ba, na biyun kuma ba wanda ya zauna ya koya mata don duk telan da muka kai ta sai ya ce bai iya maganar hannu ba, yana nan ɗaki an lulluɓe shi da zani. Ba wai ina raina keke ba ne, amma kullum abin da ake tunanin ya dace da yaranmu kenan, a miƙa musu a ɗauki hoto a tafi. Ba wanda ya taɓa tambayarta ke me kika iya. Yarinyar nan in ta zauna da yumɓu sai ka rantse a Kwali aka haife ta, wannan Ladi Kwali da ke bayan naira 20 ai da tukunya duniya ta san ta. Ranar da ta ga hoton giginyar nan a wayata ba ta bar ni na yi barci ba.

Baban Khalifa: Hajiya na ji, Allah ya raya mana su. Amma har yanzu tambayata tana nan, bayan an kafa an yi tafi an watse, me ya shiga aljihun yarinyar?

Malamar Kurame: Wannan tambayar taka ita ce ta fi komai muhimmanci kuma ina so mu dawo kanta. Amma na ga Malam yana rubutu, bari ya fara.

Malam Na Zaure: Bismillah. Kafin a kai ga kuɗi akwai abin da ya wajaba in faɗa, don in an yi shiru yanzu gobe daga kan mumbari za ku ji shi, kuma a lokacin an riga an kashe dukiyar mutane. Maganar kifin nan. A mazhabarmu ta Malikiyya sura mai jiki wadda take da inuwa, ta abu mai rai, cikakkiya da gaɓoɓinta, haramun ce, abin da aka yi rangwame a kai shi ne 'yar tsanar wasan yara. Giwan ruwa babba a kafe a bakin hanya ta shiga cikin wannan kai tsaye. Amma ku saurara, ƙofa ba a rufe take ba. Ya zo a Bukhari cewa wani mutum ya je wurin Abdullahi ɗan Abbas, Allah ya yarda da su, ya ce masa ni da hannuna nake ci, waɗannan surori nake yi. Ɗan Abbas ya gaya masa gargaɗin da ya ji daga Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, mutumin ya razana fuskarsa ta canza, sai ya ce masa to in dole sai ka yi, ga bishiya nan da duk abin da ba shi da rai. Kun ga kenan yaron nan da ya zaɓi giginya da kansa ya faɗa kan abin da sahabi ya yi nuni da shi. Ku yi giginya, ku yi kuka, ku yi zangarniyar shinkafa, ni da kaina zan zo in sa albarka. Kifin ne dai a bar shi.

Ɗan Kabawa Abuja: Allah gafarta Malam, amma fa kifin nan shi ne tambarin garinmu. Duk wanda zan kai wa takarda a nan Abuja in na ce Argungu abin da ke zuwa ransa kenan. Cire shi zai rage mana ƙarfin neman tallafi sosai. Ba wanda zai bauta wa kifin ƙarfe a Kabi a wannan zamani.

Malam Na Zaure: Ɗana na san ba wanda zai bauta masa. Hukuncin bai rataya ga niyyarka kaɗai ba. Kuma ka duba ta wani gefen, kuna son iyaye su saki 'ya'yansu su zo aikin, kuna son mutanen unguwa su tsare abin da dare. In rabin gari na kallonsa a matsayin gunki wa zai tsare muku?

Ɗiyar Sarkawa: Ni ɗiyar masunta ta, kakana da babana duk sun shiga Matan Fada, ku bari in ce wani abu. Ku da ke kallo daga bisa gaɓa kihi kuka gani, mu abin da muka gani homa da gora. Masunci shina shiga ruwa da homa biyu, ɗaya kowane hannu, ga babban gora shina kwance bisa shi, cikinsa ya ka zuba abin da yak kama. Duk Bakabe in yag ga homa biyu buɗe da gora tsakani ya san mi aka nufi ba sai an gwada mai kihi ba. Har a ƙara ganyen bado a ƙasa da layin igiyar ruwa. Kuma wlh ya fi kyau, kihi kowa na iya yi, homa tamu ta.

Ɗan Kabawa Abuja: To wannan kam na karɓa ƙanwata. Hasali ma abin da UNESCO, hukumar ilimi da al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ta sa a jerin al'adun gado na duniya a 2016 bikin ne gaba ɗaya da sana'ar da ke cikinsa, wasannin ruwa na Kabanci da tseren kwale-kwale da kamun agwagwa, ba girman kifi ba. Zan iya gina takardar a kan haka.

Mai Walda: Malam mun gode. Na so kihin nan har ga Allah, yaran ma sun fara zana shi da alli a bango, amma an bar shi. Homa da gora da bado.

Ɗan'uwanku Makaho: Slm. Ni wayata ce ke karanta min saƙonninku, don haka hoton da aka turo ban san abin da ke ciki ba sai daga bayanin Yaya Mai Walda, don Allah duk mai turo hoto ya riƙa ƙara layi ɗaya yana faɗin abin da ke ciki. Abin da ya sa na shigo shi ne, an haife ni ba na gani, shekarata 24. Na sha taɓa gindin giginya, na sha cin muruci, na riƙe ɗan giginya a hannuna na san ƙamshinsa. Amma har yau ban san yadda samanta yake ba. A wurina giginya ginshiƙi ce mai kaushi da ta tafi sama ta ɓace. Haka kuka, na taɓa zagaye wata ina bin ta da hannu na ƙirga taku, amma rassan da kuke cewa kamar saiwa ce aka juya sama, magana ce kawai nake ji. Ku da kuke gani abin da za a gina ado ne a wurinku, ni kuwa ita ce hanya ɗaya da zan san siffar bishiyar da na girma a ƙarƙashinta. Don haka roƙona, ban da babbar mai tsawon mutum uku, a yi ƙanana daidai ƙirji, giginya da kuka da goruba da gawo, waɗanda hannu zai bi daga saiwa har ganye, a goge bakin ƙarfen kada ya yanke mu, a sa suna da rubutun makafi. Kuma kada a ce makafi sai dai su zo taɓawa ranar buɗewa. Tukar igiya sana'armu ce tun kaka da kakanni, ragar homar nan ku ba mu ita.

Maman Tagwaye: Allahu akbar. Ɗana ka sa ni hawaye wlh.

Mai Walda: Ƙanena ban taɓa kawo wanga a raina ba, shekara nawa ina zaune da makafi a ƙungiya. Ƙananan ma su za mu fara yi. Ka zo rumfa ko gobe, ƙaramar tana nan, ka taɓa ka hwaɗa muna inda za a gyara.

Malamar Kurame: To yanzu bari in koma kan tambayar Baban Khalifa. Yaya Mai Walda ka yi haƙuri, na karanta lissafinka sau uku. Akwai rodi, akwai siminti, akwai fenti, akwai mai. Ina ladan yaran? Babu ko sisi. Mai siminti zai karɓi kuɗinsa cif, mai gidan mai zai karɓa, mai tifa zai karɓa, waɗanda za su yi wata biyu ko uku suna shan zafin ƙarfe su ne kaɗai za su tashi da suna a jikin allo. Hausawa sun ce inuwar giginya na nesa ka sha, ina tsoron kada mu gina ta da hannunmu a zahiri. Na shekara 14 ina koyarwa, na ga yadda ake yi, duk aikin da aka ce don masu buƙata ta musamman ne kowa na cin abinci a ciki ban da su. Dole a rubuta kuɗin yini na kowane yaro, da abincin rana, da kuɗin Keke Napep na waɗanda ba za su iya turo kekensu cikin yashi daga nesa ba, da ladan mai fassara maganar hannu don ba kullum zan samu fitowa daga makaranta ba. In kuɗin da aka samu bai kai a biya su ba to a rage tsawon giginyar, kada a rage ladansu. Sannan kayan kariya, gilashin walda ga kowa ba a riƙa karɓa-karɓa ba, safar hannu, takalmi. Kurma ba ya jin ƙarar injin yanka ƙarfe a bayansa, sai an ware masa gefe an shata layi a ƙasa. Kuma ƙananan da ba su kai 15 ba su tsaya kan yumɓu da fenti da saƙa.

Mai Walda: Malama kin yi gaskiya kuma ta shige ni. Ni da kaina da nis san ciwon abin na manta da su a lissafi, don mun saba in an ce aikin gayya to kowa shi kawo ƙarfinai kyauta. Akwai wata ƙungiya da taz zo rumfata shekarun baya, sunka kawo riguna masu tambari sunka sa ma yara, sunka ce kowa shi riƙe abin walda shi yi murmushi, anka ɗauki bidiyo kusan awa biyu, sunka ce za su dawo da janareta. Har yau. Daga baya wani ya gwada min hoton yarana a intanet an rubuta wai su sunka horar da su. Yaron da ke gaba a hoton ya yi kwana ukku bai zo aiki ba don kunya, an ɗauko ƙafafunai ƙuru-ƙuru. A watan Agusta 2020 anka ce Afirka ta rabu da shan inna ta daji, anka yi murna, mu ma mun yi, amma mu da tar riga ta taɓa muna nan ba mu tahi ko'ina ba, kuma mun gaji da zama kayan hoto. Zan sake lissafi, ladan yara shi ka zama layin farko.

Baban Khalifa: To yanzu an fara magana. Amma lissafin zai haura miliyan 2 kenan, daga ina?

Ɗan Kabawa Abuja: Bari in faɗi abin da na sani daga aikin da nake yi. Duk mai ba da tallafi na kirki, ofishin jakadanci ne ko gidauniya ko kamfani, abu uku yake fara tambaya, kuna da rajista da CAC, wato hukumar rajistar kamfanoni da ƙungiyoyi, kuna da asusun banki da sunan ƙungiya ba na mutum ɗaya ba, kuma me kuka taɓa yi da kuɗin kanku. Na ukun nan shi ne inda yawancinmu muke faɗuwa, sai mu tafi da takarda zalla muna neman miliyoyi. Shawarata mu raba aikin biyu. Zangon farko ƙananan bishiyoyin nan huɗu da ɗan'uwanmu ya nema, mu yi su da kuɗinmu na grup da na 'yan gari, a biya yara, a ajiye rasit na komai. Da su za mu shiga ofis-ofis neman na babbar. Akwai kamfanonin shinkafa a jiharmu ta Kabi, akwai bankuna da kamfanonin waya da ke kafa rumfuna lokacin biki, kowannensu na da kason da yake warewa don al'umma. Sannan muna da doka a bayanmu, dokar hana nuna wa masu nakasa bambanci ta 2018 wadda Shugaba Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2019, ita ta ce a ba su aƙalla kashi 5 cikin 100 na guraben aikin gwamnati, ta ba da shekara 5 a gyara gine-ginen jama'a yadda za su shigu, kuma a ƙarƙashinta aka kafa hukumar kula da masu nakasa ta ƙasa a 2020. Ba roƙo za mu je ba, za mu je da hujja. Kuma kada kowa ya raina aikin bola, akwai wani ɗan Ghana El Anatsui da ya shekara da shekaru yana koyarwa a jami'ar Nsukka, da murafan kwalba yake aikinsa, matasan garin yake ɗauka suna ɗinke su da wayar tagulla, aikinsa guda ana sayensa sama da dala miliyan 1.

Ɗiyar Sarkawa: Yaya rajistan CAC ɗin ga ai shi ma kuɗɗi na da lokaci. Ba a iya shiga ƙarƙashin ƙungiyar masu buƙata ta musamman da ke akwai?

Ɗan Kabawa Abuja: Ana iyawa, JONAPWD, wato haɗaɗɗiyar ƙungiyar masu nakasa ta ƙasa, na da rassa a jihohi, kuma ko ba don asusu ba ya kamata a sanar da su da sarkin makafi da sarkin guragu tun yanzu, kada su ji a bakin duniya. Amma kuɗin aikin nan ya zauna a asusunsa daban.

Maman Tagwaye: Malam tambaya, mijina na fitar da zakka bayan girbin shinkafa, za a iya sa ta a nan?

Malam Na Zaure: Hajiya zakka Allah da kansa ya raba ta gida takwas a Suratut Tauba aya ta 60, ba a sayen siminti da ita a yi gini, ko masallaci ne ballantana wannan. Amma yaran nan da yawansu fakirai ne da miskinai, ana iya damƙa wa yaro a hannunsa ta zama mallakinsa, in ya ga dama ya sayi kayan aikinsa na kansa da zai tafi da su bayan an gama. Sai dai a kiyaye, kada a ba shi zakka a ce ita ce ladan aikinsa, lada haƙƙinsa ne daban, zakka haƙƙinsa ce daban. Siminti da rodi kuwa a nema daga sadaka. Wanda ke da fili ya ba da shi wakafi, a dasa itatuwa masu rai a gefe a ajiye randa, wannan sadaka ce mai gudana.

Tsohon Magini: Jikana ke rubuta min. Na ji kuna ta batun ƙarfe da siminti, ku tuna 'yan gwangwan. Ƙarfen da ba shi da mai gadi a bakin hanya ba ya kai sati, murfin kwalbati ma ɗauke shi suke. Ku binne gindin cikin kankare mai zurfi, kuma kada ku sa tagulla ko alminiyam ko kaɗan a waje. Benci da dakalin kuwa ku bar min, da ƙasa za mu yi su. Jar ƙasa da ƙaiƙayin shinkafa wanda ke zube bayan injina ba mai so, a cuɗa a bar shi ya kwana ya ruɓa, a yi tubali, a shafe da makuba ta ɓawon ɗorawa, ruwa ba ya cin ta da wuri. Tsohon gidan sarki da anka mai da gidan tarihi na Kanta a 1958 ai da hannun magina anka tashe shi, ku je Surame, tsohon birnin Kabi, ku ga ganuwa tun zamanin Kanta. A jikin dakalin sai yara su yi zanen bado da igiyar ruwa da yatsa tun ƙasa na ɗanye, irin zanen da muke wa zaure da, wanga aikin makaho ma na yin shi, kurma na yin shi, wanda ke zaune ƙasa ma ya fi mai tsayi jin daɗin yin shi. Ba ni son ko kwabo, amma a biya yaran da za su cuɗa ƙasa. Abu na ƙarshe, ku nemi tudu. Kun ga abin da ruwa yay yi muna a 2020, gonakin shinkafa nawa sunka nutse. Kada ku gina a fadama.

Mai Walda: Baba Allah shi ƙara girma. Wanga ya rage muna siminti da yawa.

Na Hannun Dama: Jama'a ku daina wahalar da kanku da karo-karon dubu biyu-biyu. Ina da hanya wurin wani mai girma, in na kai masa maganar nan da hoton yaran a sati ɗaya zai biya duka. Abin da kawai zai so a sa sunansa a allon kuma a gayyace shi ya yanke kyalle.

Malamar Kurame: Da hoton yaran. Ka ji inda muka dawo.

Na Hannun Dama: Haba Malama, kuɗin mazaɓa ai kuɗinmu ne, haƙƙinmu ne, don me za mu ƙi? Ko kuna so a shekara biyar ana tara canji?

Baban Khalifa: A nan ina tare da shi rabi. Kuɗin jama'a ne, karɓarsa ba laifi. Matsalar in aka shafa masa launin jam'iyya, ranar da mulki ya juya abin ya zama maraya, wani ma ya sa a tumɓuke.

Ɗan'uwanku Makaho: Ni ina ganin ya kawo gudummawarsa kamar kowa, ta shiga asusu a rubuta a lis, sunansa ya fito cikin jerin waɗanda suka taimaka a ƙasa, sunayen yaran a sama da manyan baƙaƙe. Kyalle kuma yaron da ya fara ƙera giginyar shi zai yanke. In ya yarda da haka muna maraba, mu yi masa addu'a.

Na Hannun Dama: Gsky da wuya ya yarda da haka, amma zan gwada.

Maman Tagwaye: Kuma ba hoton fuskar kowane yaro da zai fita sai an tambaye shi an tambayi iyayensa. Tawa dai a ɗauki hannunta da aikinta. Sannan Yaya Mai Walda 'yan mata fa? Rumfarka duk maza ne, babanta ba zai bari ta zauna can ba.

Malamar Kurame: Aikin yumɓu da saƙa a yi shi a gidana ranar Asabar da Lahadi, tsakar gidan na da faɗi kuma ba matakala. Ina da 'yan mata biyar da nake da tabbacin iyayensu za su yarda in ni ce.

Admin: To ga inda aka tsaya yadda na fahimta, wanda ya ga kuskure ya gyara. Zangon farko ƙananan bishiyoyi huɗu da dakali ɗaya. Asusu mai sa hannun mutum uku, Malama da Malam Na Zaure da mutum ɗaya da yaran za su zaɓa a cikinsu wanda ya kai 18. Yaya Mai Walda ya ce shi kada a sa shi a asusu tunda shi zai riƙa sayen kaya. Duk alat da ya shigo da duk rasit za a turo nan kowace Juma'a, da bayani a rubuce saboda masu sauraro da waya. Kada kowa ya tura kuɗi ko'ina tukuna sai an buɗe asusun.

Baban Khalifa: Ni har yanzu ina ganin da kuɗin babbar giginyar gara a ƙara wa rumfar injin walda na biyu da sola, kuma zan sake tayar da maganar in an zo zango na biyu. Ba zan sa kuɗina a ƙarfe ba. Abincin rana na yaran na wata na farko ku bar min shi, a gaya min adadinsu da na 'yan matan.

Ɗan Kabawa Abuja: Na ɗauki gilashin walda da safar hannu na kowa, zan aiko a mota. Takardar neman izinin fili kuma wa zai kai? Sai an bi ta hakimi da ƙaramar hukuma, kuma tunda bakin hanyar filin biki ne ya kamata fada ta sani.

Malam Na Zaure: Zan yi wa mai unguwa magana bayan sallar isha'i, shi zai nuna mana ƙofar da za a fara bi.

Mai Walda: Na gode jama'a, Allah shi bar zumunci. Za a zauna Asabar bayan la'asar a rumfata, yaran duk za su zo, Malama don Allah ki zo da wuri ki fassara ma kuramen tun daga farko don su ba su san ma an cire kihin ba, ina son su ji dalili daga bakin Malam. Wanda zai zo da mota shi aje ta bakin titi, yashin lungun ga shina da zurfi. Kuma duk filin da za a duba a tahi da ɗaya cikin masu keke shi gwada shiga da kanai kafin a ce an samu.

Ɗan'uwanku Makaho: Ni gobe da hantsi zan zo taɓa ƙaramar in sha Allah. Wani ya turo min kwatancen rumfar da murya, daga tasha.